Alƙawarin Huji Huɗu

Tun da na ajiye aiki na dawo Gaya da zama, ba a rasa ɗaliban koyon ɗaukar hoton asibiti da ke biyowa ta ƙofar gidana idan sun zo hutu. Kwanan baya wata daga cikinsu, 'yar wani aminina, ta ce min, "Baba, ni fa ɗakin tiyata nake so a tura ni. Can ai hutu ne. Likita ke aikinsa, kai kuwa ka taka feda hoto ya fito." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Ban ga laifinta ba, don a ido haka abin yake. Amma tun ranar maganar take cina, shi ya sa na ce bari in rubuta sana'ar nan yadda na san ta, ko wani zai karanta kafin ya rataya rigar dalma, mai kare jiki daga hasken injin hoto, a kafaɗarsa.

Sunana Isyaku, a Toranke aka haife ni, cikin ƙasar Ajingi, gidan manoman gero da gyaɗa. Aikin hoto na fara shi a wani ƙaramin asibiti a nan yankinmu, a hannun Malam Tanimu, wani gajeren dattijo mai ƙaramar murya wanda ruwan wankin fim ya rina wa farce. A lokacin babu allo babu kwamfuta. Fim ne a cikin kaset, ka ɗauka, ka shiga ɗakin duhu ka wanke, ka rataye ya bushe. Na daɗe ina wanki da shanya kafin ya yarda in taɓa injin. Masu zuwa wurinmu yawanci karaya ce: wanda ya faɗo daga kan kuka garin ɗibar ganye, wanda amalanke ya taka, 'yan babur ranar kasuwar Ajingi, sai masu tarin da ya ƙi jin magani. Da yawa sai sun fara zuwa wajen mai ɗori, in ƙafa ta ƙi, sannan a tuna da mu. Akwai tsofaffin da ke cewa tun da aka haska su suka ji sauƙi, Malam Tanimu kuwa bai taɓa yi musu musu ba.

Wata rana aka kawo wani manomi wanda bijimin sa ya tunkuya a ƙugu. Muka ɗauki hoto, wani sabon likita ya ɗaga shi a taga ya ce babu komai, a ba shi maganin ciwon jiki ya tafi gida. Malam Tanimu ya matso a hankali ya ce, "Likita, ina jin hoton nan nawa bai fita sosai ta wajen nan ba. Ko za ka duba min, in ba kyau in sake?" Yana faɗa yana ɗora yatsansa daidai kan wata siririyar tsaga a ƙashin. Likita ya duba, ya ce ai ga tsaga nan. Malam Tanimu ya ce, "Kai, Allah ya ƙara basira, Likita." Da muka koma ɗakin duhu ya ce min, "Ka gani? In ka hango abin da na gaba da kai bai hango ba, ka ɗora wa hotonka laifi. Shi ya tsira da girmansa, mara lafiya ya tsira da ƙafarsa." Na riƙe wannan dabara, na kuma ci moriyarta shekara da shekaru.

Daga baya aka mayar da ni wani babban asibiti a Kano, a can na tarar da tiyatar da ake yi ba tare da an farke ciki ba. Huji huɗu ake yi a cikin mutum, a hura shi da iska, a zura 'yar kyamara ta ɗaya, a zura dogayen kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allo yana aiki. Abin da aka fi cirewa ta haka shi ne matsarmama. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ta, 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, ya gangaro ta wata babbar hanya zuwa hanji. Ita jakar ma'ajiya ce kawai a gefe, wata 'yar ƙaramar hanya ta haɗa ta da babbar. Idan tsakuwa ta taru a jakar tana sa ciwo, sai a datse ƙaramar hanyar a yanke, a fitar da jakar, mutum ya ci gaba da rayuwarsa lafiya lau. Babbar hanya kuwa ba a yanke ta. Damuwar ita ce su biyun maƙwabtan juna ne, babbar ma ba ta fi kaurin fensir ba, kuma in wurin ya kumbura ya cakuɗe, ƙwararren likita ma yana iya ɗaukar wannan a matsayin waccan.

A nan aikina yake shigowa. Kafin a yanke, likita zai matse hanyar daga sama da ɗan ƙarfe, kilif muke ce masa, ya ɗan tsaga ta daga ƙasa, ya zura siririyar roba. Nas ta miƙa sirinji mai wani ruwa da ke fitowa baƙi a hoto. Ni kuma in turo injina, wani ƙaton lanƙwasasshen ƙarfe a kan taya, mai nauyin tsiya, in shigar da shi ya rungumi gadon ba tare da ya gogi ko gefen tsaftataccen ƙyallen da aka rufe mara lafiya da shi ba. In ya goga, ka ɓata wa kowa aiki, za ka kuma ji baƙar magana. Sai in tabbatar kowa ya sa rigar dalma, in ce a janye ƙarafan da za su tare min wuri, in roƙi mai ba da maganin barci ya tsayar da numfashi na ɗan lokaci. Sannan ne ake taka fedar da 'yar aminina take magana, kuma ba a daɗewa a kanta, don hasken ba abin wasa ba ne. Hoto mai kyau yana nuna abu biyu. Ruwan zai gangara ƙasa ya zuba cikin hanji, zai kuma hau sama ya cika rassan da ke cikin hanta, dama da hagu, su fito tsirara kamar gawo da damina. In ka ga ɗaya ba ka ga ɗayan ba, hotonka bai gama magana ba tukuna.

Na tuna wata malamar makaranta da aka yi wa aikin nan. Ruwa ya shiga, sai ga wani farin ɗigo zagayayye a tsakiyar babbar hanya. Ƙaramin likitan da ke taimakawa ya ce tsakuwa ce, a shirya shiga a ciro ta. Zagayen ya yi min kyau da yawa. Na ce ina jin injina ne yake min gizo, ko za a ɗaga kan gadon in sake? Aka ɗaga, na taka, sai ɗigon ya yi sama wajen hanta. Tsakuwa ƙasa take yi. Kumfar iska ce da ta maƙale a sirinji. Tun daga ranar, duk nas ɗin da za ta zuƙi ruwan nan sai ta ga idona a kan hannunta, har suka sa min suna Sarkin Kumfa, ni kuwa ko a jikina.

Sai shekarar da injin ya mutu. Wani abu ne ya ƙone a cikinsa, aka ce sai an kawo daga waje, muka yi ta jira daga wannan damina har wata daminar ta zagayo. Aka mayar da ni ɗakin hoton ƙashi. Tiyata ba ta tsaya ba, kuma in faɗi gaskiya, yawancin waɗanda aka yi wa ba tare da hoto ba sun tashi garau. Amma a shekarar ne aka kawo mana wani tela mutumin Gafasa, wanda aka yi wa aikin a wani wuri aka yanke masa babbar hanya ba a sani ba. Idonsa ya yi ɗorawa da shawara, ruwan ɗaci ya taru a cikinsa, yana susar jikinsa har jini ya fito. Sau uku ana shiga da shi ana ƙoƙarin haɗa abin da aka raba. Ni nake ɗaukar hotunansa a tsakani, kullum in ga ruwan ya tafi ya tafi, ya zo wani wuri ya tsaya cak. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce min in ya warke zai ɗinka min rigar dalma mai aljihu. An sallame shi a rame, bai sake zama a kan keken ɗinki ba, daga baya na ji rasuwarsa. Tun daga kansa na san abin da almakashi zai iya yi a wurin nan cikin ƙiftawar ido.

Ba a daɗe da gyara injin ba, ɗan'uwana Sale ya kawo mahaifiyarsa, Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina. Mace ce mai ƙarfin hali da kaifin baki, tana da gonar gyaɗarta a Toranke wadda ba ta yarda kowa ya sa mata hannu. Ta daɗe tana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman in ta ci abu mai maiƙo. An sha jiƙo, an sha rubutu, har dai ciwon ya kayar da ita a gona. Hoto ya nuna jakar cike da tsakuwa. Da ta ji zancen tiyata sai ta ɗaura ɗankwalinta ta ce a kai ta tasha.

"Ni ba tunkiya ba ce da za a farke ni," in ji ta.

"Gwaggo, ba farkewa ake yi yanzu ba. Huji huɗu ne, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba. Kwana biyu kin tashi, kafin cirar gyaɗa kina gonarki."

Likita ya yi mata bayani yadda ya kamata, ya ce wani lokaci in an shiga aka ga wurin ya rikice, dole a buɗe. Ta juyo ta dube ni. A nan na yi abin da bai kamata ma'aikacin asibiti ya yi ba. Ina so ta yarda, sai na ce, "Faɗa kawai ake yi, Gwaggo. Huji huɗu ne."

"Za ka tsaya a kaina?"

"Zan tsaya."

Ta miƙa yatsa aka dangwala a takardar yarda da aiki.

Likitan da zai yi aikin shi ne babba a sashen. Ba zan faɗi sunansa ba. Gwani ne na gaske, hannunsa da sauri, zuciyarsa ma haka, ba a maimaita masa magana. Da hantsi aka shiga da ita. Ina tsaye a gefe da rigar dalmata ina kallon allonsu, na ga wurin ya manne ya cakuɗe saboda daɗewar ciwon. Ya yi ta ɓanɓarowa a hankali har ya fito da wata hanya da ta yi kama da ƙaramar. Ya sa kilif, ya tsaga, ya zura roba, ya ce, "Mai hoto, bismillah."

Na shigar da inji, aka tura ruwa, na taka. Ruwan ya gangara sumul ya zuba cikin hanji, babu tsakuwa ko ɗaya. Sama kuwa fari fat, ko reshe ɗaya bai fito ba. Na ƙura wa allon ido. Haka takan faru ba tare da wata matsala ba, in ruwan ya samu hanya a buɗe ya gudu ƙasa. Amma takan faru kuma in robar a cikin babbar hanya take, kilif ya toshe ta daga sama. Sai na jawo dabarar Malam Tanimu.

"Yallaɓai, ina jin hoton nan nawa bai fita ta sama ba. Ko za a sunkuyar da kan gadon in sake?"

Ya yi tsaki, amma ya yarda. Aka sunkuyar, aka ƙara ruwa, na sake takawa. Babu abin da ya canza. Na sa yatsa a kan allon, daidai inda baƙin ya yanke, na ce, "Ta nan ne bai fita ba, Yallaɓai." Ina jiran ya ce ai ga abin da ke faruwa, ni kuma in ce Allah ya ƙara basira.

"Injin naka ne," in ji shi. "Tun da aka gyara shi bai dawo daidai ba. Ƙasa ta fita, babu tsakuwa. Janye mu ƙarasa."

Ni na ce masa hotona ba shi da kyau, shi kuma ya yarda da ni. Shekara da shekaru ina ɗora wa injina laifi don in kare girman manya, ranar kuwa babba ya karɓi maganar yadda na faɗe ta. Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa ɗalibai ba sai yau shi ne na janye injin. Na kama hannun injin na ja shi baya taku ɗaya, don haka jikina ya saba in babba ya ba da umarni. Sista Rabi, nas ɗin da ke miƙa kaya, ta ɗauko dogon almakashin ta sa masa a hannu. Na ga bakin almakashin ya shigo cikin allon yana buɗewa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a wurin aiki.

"Likita, kada ka yanke."

Kowa ya juyo.

"Hotona lafiyarsa lau," na ce. "Robarka a cikin babbar hanya take. Kilif ɗinka ne ya toshe sama."

"Kai ne likitan ko ni?"

"Kai ne, Yallaɓai. Amma kada ka yanke."

Ya daɗe yana kallona ta saman ƙyallen bakinsa. Ƙananan likitocin duk suka sunkuyar da kai. Sannan ya zare almakashin ya ajiye, ya ce, "Dawo da injin." Ya cire kilif ɗin, aka tura ruwa, na taka. Baƙin ya bi ta daidai inda ƙarfen yake a da, ya miƙe sama, ya rabu dama da hagu ya cika hanta. Ƙaramar hanyar tana can gefe, gajeriya, ta ɓuya a cikin kumburi. Ya yi salati a hankali. Ya riga ya tsaga babbar hanya don zura roba, tsagar kuwa sai an ɗinke ta da kyau, ga wurin a cakuɗe. Ya ce, "A kawo kayan buɗewa." Ina tsaye aka ja wuƙa a ƙarƙashin haƙarƙarin Gwaggo, tsawon taƙi guda.

Aikin ya yi kyau. Ya cire jakar, ya ɗinke tsagar, ya bar wata roba a ciki wadda ta fito ta gefen ciki don ruwan ɗaci ya riƙa zuba a leda har wurin ya warke. A wajen wanke hannu muka haɗu. Na zaci kora ce ko takardar gargaɗi. Bai dube ni ba, yana cuɗa sabulu ya ce, "Gobe in ka ga abu, ka kira shi da sunansa tun farko. Ladabinka ya kusa sa ni yanka mata hanya." Bai ƙara ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba har muka rabu. Tun daga ranar ban sake cewa hotona bai fita ba alhali ya fita. Ina gaida manya, ina rusuna musu, amma a gaban allo abin da na gani shi nake faɗa. Wannan nake so 'yar aminina da abokanta su ji kafin a tura su ɗakin da suke kira wurin hutu.

Gwaggo ta farka ta shafa cikinta ta ji ɗinki, ga roba, ga leda a rataye. Ta sa aka kira ni. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, "Huji huɗu." Sannan ta juya fuskarta bango. Likita da kansa ya yi wa Sale bayani, bai ɓoye komai ba, amma Sale ya kasa mayar da zancen hanya babba da ƙarama yadda za a gane a gida. Sista Rabi kuma, da kyakkyawar niyya, ta ce wa matan da suka zo dubiya su gode wa ɗan'uwansu, shi ya tsayar da likita ana tsakiyar aiki. Kafin labarin ya isa Toranke ya zama Isyaku ya yi wa likita katsalandan, shi ya sa aka farke Dije.

Ta yi makonni da robar nan. Gyaɗarta wasu suka cire mata, ta ce rabi suka bari a ƙasa. Ranar da za a zare robar ni na ɗauki hoton ƙarshe, ruwa ya bi ko'ina sama da ƙasa, babu yoyo babu matsewa. Na juyo mata da allon don ta gani. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai tsiyayar tawada, in kira mata Sale su tafi.

Yau shekaru da yawa ke nan. Likitan ya bar aiki, Malam Tanimu ya daɗe da rasuwa. Gwaggo Dije tana nan, ta tsufa, ta rage zuwa gona, amma tana cin tuwonta da man shanu ba abin da ke damunta. A wurin suna ko biki, in ta hango ni, sai ta ce wa na kusa da ita kada su yarda da alƙawarin ma'aikacin asibiti. Da kakar bana na je Toranke gaishe ta, na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa, sai ta yi min tambayar da ba ta taɓa yi ba.

"Isyaku, tsakaninka da Allah, kai ka ce likita ya tsaya?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Da ka yi shiru, da hujin nan huɗu kaɗai zan farka da su?"

Ban ga wata amsa ba sai ta gaskiya.

"Da su kaɗai za ki farka."

"To ka gani," in ji ta.

Na buɗe baki zan fara mata zancen hanta da hanji, sai ta turo min ƙwaryar da ƙafa ta ce tunda na zo in sa hannu, yamma tana yi. Na gyara zama a kan tabarma muka ci gaba da ɓara.